Yadda Ake Zaɓar Felet ɗin Zomo: Na Timoti Ko Na Alfalfa?

Mai kiwon zomo ɗaya ko biyu a gida don sha'awa, idan ya je sayen abinci, yakan tarar da buhuna iri biyu. Ɗaya an rubuta Timothy a jikinsa, ɗayan kuma Alfalfa. Idan ka zuba su a tafin hannu ba za ka ga wani bambanci ba: dunƙulallun ƙwayoyi ne kore-kore da ake kira felet, masu ƙanshin busasshiyar ciyawa. A cikin zomo ne bambancin yake fita, kuma ba a rana ɗaya ba. Sai an yi watanni ake ganinsa a nauyin zomon, a kashinsa, da kuma fitsarinsa.

Kafin matakan, ga abin da kowannensu yake. Timoti ciyawa ce ta ƙasashe masu sanyi, ana nomanta sosai a Amurka da Kanada da Turai don dawakai da shanu. Alfalfa kuwa ba ciyawa ba ce ko kaɗan, dangin wake da gyaɗa ce. Wanda ya san bambancin ingirici da harawa ya riga ya fahimci rabin maganar: timoti ita ce ingiricin, alfalfa ita ce harawar. Busasshiyar alfalfa tana ɗauke da furotin kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kalsiyam kuma ya haura kashi 1. Busasshiyar timoti furotin ɗinta yakan tsaya wajen kashi 7 zuwa 11, kalsiyam ɗinta kuma bai kai rabin na alfalfa ba. Faiba, wato wannan ɓangaren ciyawa mai tauri da ke sa hanji ya yi ta motsi, ta fi yawa a timoti.

Mataki na farko: san shekarun zomon

Wannan shi ne ke yanke yawancin hukuncin. Ɗan zomo yana gina ƙashi da tsoka cikin sauri, don haka yana buƙatar furotin da kalsiyam fiye da babba. Tsarin da ƙungiyar House Rabbit Society ta Amurka ta daɗe tana koyarwa shi ne: daga haihuwa zuwa mako 3 nonon uwa kawai, daga mako 3 ya fara ɗan tsakurar alfalfa da felet, daga mako 7 zuwa wata 7 a bar masa felet na alfalfa da busasshiyar ciyawa ya ci iya cinsa, daga wata 7 zuwa shekara 1 a fara rage alfalfa ana shigo da timoti, bayan shekara 1 ya koma felet na timoti a bisa awo.

Wata 7 ɗin nan ba doka ba ce da aka sassaƙa. Ƙananan irin zomaye kamar Netherland Dwarf suna gama girma da wuri, wasunsu tun wata 5 ko 6 sun fara tara kitse idan aka ci gaba da sakar musu alfalfa. Manyan iri kamar Flemish Giant kuwa suna iya kai shekara suna ƙara tsawo da ƙashi, gaggawar cire musu alfalfa ba ta da amfani. Matsakaita irin su New Zealand White da Chinchilla da Dutch, waɗanda suka fi yawa a hannun masu kiwo a Najeriya, wata 6 zuwa 7 ya yi musu daidai.

Idan a kasuwa ka sayo zomon kuma mai sayarwa bai san ranar haihuwarsa ba, ko ya faɗi abin da ya ga zai sa ka saya, sikeli zai faɗa maka gaskiya. Ka sa shi a kwando ka ɗora a sikelin kicin, ka cire nauyin kwandon, ka rubuta. Ka riƙa yin haka duk mako a rana guda. Muddin nauyin yana hawa a kai a kai kuma jikin yana tsawo, zomon bai gama girma ba. Idan awo uku ko huɗu a jere suka tsaya wuri ɗaya, lokacin sauyi ya yi.

Mataki na biyu: duba halin da jikinsa yake ciki

Akwai manyan zomaye da alfalfa ta fi dacewa da su. Zomanya mai ciki, musamman a makon ƙarshe na kwana 31 ɗin da take ɗauka, da zomanya mai shayarwa, duka suna buƙatar felet mai furotin kashi 16 zuwa 18, kuma mai shayarwa ba a yi mata awo, a bar ta ta ci. Nonon zomo yana da kauri ƙwarai da kitse da furotin, uwar da ke shayar da 'ya'ya shida ko takwas a kan felet na timoti kaɗai za ta zube. Haka kuma zomon da ya tashi daga ciwo ya rame, da tsohon da ya haura shekara 6 yana kasa riƙe nauyi. Shi tsohon dai sai an tabbatar ƙodarsa da mafitsararsa lafiya lau kafin a ƙara masa kalsiyam, wannan kuwa aikin likitan dabbobi ne.

Yadda za ka gane ramewa ko ƙiba: gashi yana ɓoye komai, don haka ido ba ya isa. Ka shafa hannu a bayansa daga kafaɗa zuwa gindi. Idan ƙashin bayan yana sokar yatsunka, ƙugu ya fito da kaifi, ya rame. Idan kana jin haƙarƙari a ƙarƙashin ɗan nama mai laushi, daidai ne. Idan sai ka danna kafin ka ji ƙashi, kuma zomon ba ya iya lanƙwasawa ya lashi ƙasansa, ya yi ƙiba, kuma alfalfa ba tasa ba ce.

Mataki na uku: karanta fitsari da kashi

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne dalilin duk wannan zaɓi yake. Yawancin dabbobi masu shayarwa hanjinsu yana ɗaukar kalsiyam gwargwadon buƙata, sauran ya wuce a kashi. Zomo ba haka yake ba. Hanjinsa yana tsotse kusan duk abin da aka ba shi, rarar kuma ƙoda ce ke fitar da ita ta fitsari. Shi ya sa fitsarin babban zomo mai lafiya ma yakan zo da ɗan gurɓi, idan ya bushe ya bar farin tabo na alli a daɓe. Wannan ba ciwo ba ne. Launin ma yana sauyawa daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo har zuwa ja-ja gwargwadon ganyen da ya ci, kuma sau da yawa ba jini ba ne.

Abin tsoro shi ne idan fitsarin ya yi kauri, ya zama kwaɓi mai launin ƙasa-ƙasa, ko ka murza busasshensa ka ji yashi a yatsa. Ko ka ga zomon ya ɗaga wutsiya yana nishi sai ɗigo kaɗan ya fito, ko gashin cinyoyinsa kullum a jiƙe har fata ta yi ja. Wannan alama ce cewa alli ya taru a mafitsara, kuma daga nan tsakuwa take farawa. Zomon da ya nuna haka a cire masa alfalfa ta kowace siga, a kai shi wurin likita. Sai dai kada a ɗora wa abinci laifin duka. Rashin shan ruwa, ƙiba, da zaman keji babu tsalle-tsalle, duk suna sa allin ya kwanta a ƙasan mafitsara maimakon ya fita. Na fi ganin amfanin kwanon ruwa mai nauyi a kan kwalba mai bututu, domin zomo ya fi shan ruwa da yawa a kwano. Kuma kada wani ya ji wannan bayanin ya ce zai hana zomonsa kalsiyam gaba ɗaya. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako, da kalsiyam ake gina su.

Kashi kuma iri biyu ne. Akwai busassun ƙwallaye da kowa ya sani, waɗanda ya kamata su zama manya, masu girma ɗaya, idan ka fasa ka ga garin ciyawa. Akwai kuma wani mai laushi, mai sheƙi, a cure wuri guda, mai wari, wanda zomo ke ci kai tsaye daga duburarsa, galibi da dare ko da asuba, don ya sami sinadaran da ƙwayoyin cikinsa suka sarrafa. Mai zomo bai kamata ya riƙa ganin wannan na biyun ba. Idan kana tashi da safe kana tarar da shi a ƙasa an tattake, ko ya manne a gashin gindi, zomon ya ƙoshi da abinci mai maiƙo fiye da ƙima har ya daina bi ta kansa. A wurin babban zomo, wannan sau da yawa yana nufin felet ya yi yawa ko ya yi ƙarfi. A ƙasa mai zafi abin ya fi haɗari, domin ƙuda yana yin ƙwai a wurin da ya ɓaci, tsutsa ta ƙyanƙyashe cikin sa'o'i ta fara cin fata.

Mataki na huɗu: juya buhun ka karanta bayansa

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba talla ne. A baya ake samun jerin kayan haɗi, kuma ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan buhu ya ce na timoti ne, timoti ya kamata ya zo farko a jerin. Akwai waɗanda dusar alkama ko ɓawon waken soya ne a gaba, timoti kuma can a na huɗu. Ka lura kuma cewa kayan Ingila da Ostireliya sukan rubuta lucerne a maimakon alfalfa, na Faransa da ake samu a Nijar kuma luzerne. Abu ɗaya ne.

Daga nan sai lambobi. Ga babban zomon da ba ya ciki ba ya shayarwa, nemi faiba kashi 18 zuwa sama, idan ka sami 22 zuwa 25 ya fi. Furotin kashi 12 zuwa 14. Kalsiyam tsakanin 0.5 da ƙasa da kashi 1. Kitse kada ya wuce kashi 3. Ga ɗan zomo da mai shayarwa, furotin wajen kashi 16 zuwa sama, kalsiyam har kusan kashi 1 babu laifi.

A nan wani abu yake da mutane ke tsallakewa. Akwai felet na manyan zomaye da aka gina a kan alfalfa amma aka daidaita shi da wasu kayan har kalsiyam ya sauko wajen 0.6, faiba ta hau. Irin wannan ya fi felet mai sunan timoti da aka cika da hatsi da madin rake. Idan suna da lamba suka saɓa, bi lamba.

Buhun da ka leƙa ka ga masara, alkama, busassun 'ya'yan itace da wasu ƙwayoyi ja da kore a gauraye, ajiye shi ko da me aka rubuta a kai. Zomo yana tsince masu zaƙi ya bar masu faiba. Binciken da aka yi a Jami'ar Edinburgh ya nuna zomayen da ke cin irin wannan gauraye suna rage cin ciyawa, suna ƙiba, haƙoransu suna lalacewa. Felet na kirki duk ƙwayoyinsa iri ɗaya ne, babu abin tsinta.

Mataki na biyar: auna, kada ka cika kwano

Ko ka zaɓi felet mafi kyau a duniya, idan ka cika kwano dare da rana ka ɓata aikin. Ƙungiyoyin kula da dabbobi a Ingila suna cewa abincin babban zomo ya zama kimanin kashi 85 ciyawa, 10 ɗanyen ganye, 5 felet. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA tana ba da awon giram 25 na felet ga kowane kilo na nauyin zomo a rana. House Rabbit Society kuma tana cewa rubu'in kofi zuwa rabin kofi ga zomo mai fam 6, wato kimanin kilo 2.7. Zomo mai kilo 2 kenan bai kamata ya wuce giram 50 ba, kuma idan mai zaman keji ne ko mai saurin ƙiba, ka yi ƙasa da haka. Ka auna a sikeli sau ɗaya, ka zuba a wani ƙaramin gwangwani, ka ja layi da alƙalami a inda ya tsaya. Daga ranar, duk wanda zai ba zomon abinci a gidan ya san iyakarsa, har yara.

Ka raba awon gida biyu, safe da yamma. A watannin zafi zomo ba ya son ci da rana, yana kwance ne yana haki, don haka kaso mafi yawa ya zama bayan magariba. Zai cinye cikin mintuna kaɗan ya zo yana tura kwano da hanci kamar bai ci komai ba. Kada ka tausaya. Wannan yunwar ce za ta kai shi ga ciyawa, ita kuwa ciyawa ita ce ke goge turamen haƙoransa, domin taunarta gefe da gefe ake yi, felet kuma murƙushe shi kawai yake yi ya haɗiye.

Mataki na shida: sauya a hankali

Cikin zomo yana aiki ne da ƙwayoyin halitta da suka saba da abinci guda. Sauyin dare ɗaya yana iya kawo zawo ko ya tsayar da hanji. Ka fara tun tsohon buhu bai ƙare ba. Makon farko, kashi uku na tsohon da kashi ɗaya na sabo. Mako na biyu rabi da rabi. Na uku kashi ɗaya na tsoho, uku na sabo. Na huɗu sabo zalla. Idan a wani mataki kashi ya yi laushi ko ƙwallayen suka ƙanƙance, koma matakin baya ka ƙara kwanaki.

Daga alfalfa zuwa timoti ne ake shan wahala, domin alfalfa ta fi daɗi da ƙanshi. Za ka ga zomo ya sa baki yana zaɓe koren da ya sani, ya bar sabon a gindin kwano. Dabara ita ce ka haɗa awon kwana biyu ko uku a roba mai murfi ka girgiza, ƙanshin ya game. Kada ka ƙara masa tsohon saboda ka ga ya bar sabon. Muddin yana cin ciyawa yana kashi, barin felet na yini ɗaya ba zai cutar da shi ba. Amma idan ya daina cin komai, ciyawa ma ya ƙi, kashi ya ɗauke, ya takure yana cizon haƙora, kada a wuce sa'o'i 12 ba a nemi likita ba. Zomo ba ya amai, kuma hanjin da ya tsaya yana iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

A wannan lokacin kada ka haɗa sauyi biyu. Idan kana sauya felet, bar sabon ganye sai an gama, don idan ciki ya ɓaci ka san mai laifi.

Idan timoti ba ta samuwa a inda kake

Wanda ke Landan ko Amurka zai sami Oxbow, Burgess ko Science Selective a shagunan dabbobi da yawa. A Kano ko Maraɗi labarin daban ne. Timoti ba ta jure zafinmu, duk wadda ka gani shigo da ita aka yi, ga tsada, ga tsufa a hanya. Felet ɗin zomo da ake yi a gida kuma an tsara shi ne don masu kiwon nama, waɗanda ke son zomo ya kai nauyin yanka cikin watanni kaɗan. Furotin ɗinsa yana da yawa, hatsi ma haka. Ga ɗan zomo da mai shayarwa zai yi aiki. Ga babban da kake so ya yi shekara 8 ko 10 a gidanka, sai ka rage awon ƙasa da abin da aka faɗa a sama, ka cike gurbin da ciyawa.

Abin da ake nema a timoti ba sunanta ba ne, faiba mai yawa ce da ƙarancin kalsiyam, kuma ciyawarmu tana da su. Ƙiri-ƙiri, kyasuwa, gamba tun tana ɗanya shar kafin ta yi kara, duk za su yi idan an yanke su a wuri mai tsabta aka shanya a inuwa har suka bushe ƙayau. Ka guji ta bakin titi da ta gefen gonar da aka yi wa feshi. Harawar gyaɗa da ta wake kuwa ka ɗauke su a matsayin alfalfa: alheri ne ga yara da masu shayarwa, ga babba kuma ɗan tsakure sau ɗaya ko biyu a mako. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa wa babban zomo felet mai ƙarfi da harawa a matsayin ciyawarsa ta kullum, ya zama yana cin dangin wake safe da yamma babu ciyawa ko ɗaya. A Sudan, inda ake noman alfalfa da ban-ruwa ana sayar da ita ɗanya a ɗaure, ƙa'idar ɗaya ce.

Abincin kaji kuma kada ya shiga kwanon zomo ko da felet ne. Ban da ƙarancin faiba, wasu ana sa musu maganin cutar hanjin kaji irin su monensin da narasin, waɗanda guba ne ga zomo.

Ajiya

Zomo ɗaya ba ya cin da yawa, don haka babban buhu asara ne ko da ya fi araha. Sayi abin da zai ƙare cikin mako 6 ko makamancin haka, domin bitamin ɗin ciki suna raguwa da zarar an buɗe. Duba ranar da aka yi shi kafin ka biya. A gida ka juye a bokiti mai murfi da ke rufuwa gam, ka ɗora a kan katako nesa da bango da rana. Da damina ka riƙa sunsunawa kafin ka ɗiba. Felet mai kyau yana ƙanshin ciyawa, yana karyewa da ƙara. Wanda ya yi laushi, ya cure, ya yi fari-fari ko yake warin ruma, a zubar da shi duka, ba saman kawai ba. Gubar fumfuna tana lalata hantar zomo ko da kaɗan ce, kuma shanya felet ɗin a rana ba ya kashe ta.